Akushi Mai Suna

Bahaushe ya daɗe da sanin sa suna a jikin aiki, amma ba kowane irin aiki ba. Malamin da ya tsara waƙa a rubuce yakan rufe ta da sunansa da na mahaifinsa, sau da yawa har da ramzi, watau haruffan da ke nuna shekarar da ya gama ta. Mai juyar littafi shi ma yakan bar ɗan fili a ƙarshe ya faɗi ko shi wane ne, ya roƙi masu karatu addu'a. Amma masassaƙi, wanda ya sari icce ya fitar da turmin da gida duka ke ci daga gare shi, ba ya barin kome a jikin aikinsa sai sawun gizago. Sunansa a bakin mutane yake zama. Matan unguwa sun san turmin wane ne ba ya tsagewa, sun san akushin wane ne ya fi riƙe ɗumin tuwo, kuma muddin waɗannan mata suna da rai, to, aikin yana da mai shi. Ran da suka ƙare sunan ya bi su, abin da ya rage icce ne kurum.

Garin Kura ya isa misali. Tun a ƙarni na 19 ya yi suna wajen rini da bugu, turkudinsa ya ratsa hamada ya zama rawanin Buzaye a Agadas da gaba da Agadas. Masana tarihi sun bi sawun marina da masaƙa da fatake, sun rubuta abin da suka samu. Amma kututturen da aka shimfiɗa wannan turkudi a kansa aka yi ta bugu har ya yi sheƙi, da sandunan bugun kansu, duka aikin masassaƙa ne, kuma ba safai ake jin wanda ya tsaya tambayar hannun da ya fito da su ba. Saboda haka in aka tsinci suna a jikin icce a wannan ƙasa, ba ƙaramin abu aka tsinta ba, ko da kuwa iccen tsohon akushi ne da ya sha hayaƙi.

Irin wannan akushi ya ɓulla a wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure, cikin filin noman rani, wajen rabon gado. Wani dattijo ne ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya maza da mata. Da matan suka fita takaba sai aka kira malamai, aka fito da abin da ya bari tsakar gida aka shiga yi masa kuɗi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka saba. Gona da injin ban-ruwa da buhunan shanshera su suka ɗauki hankali, a kansu aka ɓata yini. Da aka zo kan akushin da marigayin ya yi shekaru yana cin tuwon dare a ciki, sai aka yi masa kuɗin da bai kai na bokitin roba ba, kuma ko a hakan babu magajin da ya miƙa hannu.

Ba laifinsu ba ne ƙwarai, domin a zamanin da akushi ya riga ya ja baya suka tashi, kuma ruwan da suke noma da shi yana da hannu a cikin ja da bayan. An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, bayan an gwada noman rani a Kadawa da ruwan Bagauda. Daga baya aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. Kashin farko na shirin an tsara shi ne a kan fili kimanin hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. To, ruwa ba ya hawa tudu, dole sai an baje masa ƙasa, katafila kuwa ba ta san ɗorawa ba, ba ta san kaɗanya ba. Aka kwantar da itatuwan gona masu yawa, aka biya diyya a kan waɗanda aka lissafa masu amfani ne. Masu binciken da suka zauna a yankin a ƙarshen shekarun 1970 sun yi maganar asarar da wannan ya jawo wa gidaje, musamman mata masu kalwa da masu neman iccen girki. Masassaƙi kuwa icce shi ne gonarsa. A da yakan sayi itace a tsaye wajen mai gona, ya kada shi, ya tare a wurin kwana da kwanaki har ya fitar da turmi daga gindi, akussa daga tsakiya, muciya da ƙota daga rassa. Da itatuwan suka tafi, shi ma ya bi su, ko ya kama wata sana'a.

Sa'an nan kuɗin alkama da tumatir suka shigo gidaje, langa da samira suka cika ɗakunan mata, daga bisani kula da roba suka zo suka kore su su ma. Wannan ba abin kuka ba ne. Matar da ta huta da kankare akushi ba za ta so a mai da ita baya ba, manomin da ke girbi sau biyu a shekara kuma ba zai musanya shinkafarsa da inuwar ɗorawa ba. Abin lura kawai shi ne, dalilin da ya sa akushi ya yi araha a idon magada, shi ne kuma dalilin da ya sa irinsa ya yi wuyar samu.

Ɗaya daga cikin 'ya'yan, malamin firamare ne, ya ɗauki akushin ya kife shi don ya kakkaɓe ƙura, sai ya ga rubutun ajami layi biyu a gindinsa, an ƙona shi da ƙarfe mai zafi. Ya daure ya haɗa baƙaƙen ya ga sunan mahaifinsu a ciki. Ya ɗauki hoto da waya ya tura wa abokai, don ban sha'awa kawai. Kafin mako ya zagayo, wani dillali daga birni ya sauka a ƙofar gida ya taya akushin kuɗin da zai sayi taki buhu da dama, ga shi kuwa dashen shinkafar rani ya matso. Abin da jiya aka rasa mai ɗauka, yau kowa ya tuna yana da rabo a ciki.

Duk wanda ya ga suna a jikin abin gida, tambayar da ta kamata ya fara yi ita ce, sunan mai shi ne ko sunan mai yi? A ƙasar Hausa galibi na mai shi ne. Wanda ya taɓa leƙa gidan biki ya ga yadda mata ke ɗiga fenti ko jan farce a gindin kwanoninsu don kada su ɓace a cikin taro. Magadan nan sun ɗauki rubutun a haka, kuma suna da wata hujja a kai: tun suna yara suke jin uwargida tana cewa a ɗauko "akushin mai sunan Malam". Malam kuwa mahaifinsu ne. Ga sunansa a jiki, ga shaidar matarsa, me ya rage?

Aka sake kiran malaman da suka yi rabo, don a gyara ƙimar. A cikinsu akwai wani tsohon alaramma, ya ce, "Samari, ku kawo mini shi nan wajen haske." Ya shafa gindin akushin da babban yatsa, ya karanta a hankali, sa'an nan ya dubi malamin firamaren ya ce, "Ɗana, ka karanta rabi ka bar rabi." Kalmar farko "aikin" ce. Bayanta sunan, bayan sunan "masassaƙi", sa'an nan ɗan wane, kuma wanen ba kakansu ba ne. A layi na biyu sunan gari.

Sai malamin firamaren ya juya wajen ƙofar ɗakin uwargida ya ce, "Inna, ashe ba sunan Baba ba ne?"

Ta ce, "Da shi aka kawo ni gidan nan. Babana ya sa aka yi shi, daga ɗanyar da ke bakin gonarmu. Mai yin sunansa ɗaya da Malam. To, ni yaya zan yi in kama sunan?"

Ɗaliban al'ada za su gane abin da ya faru nan da nan. Mace ba ta kama sunan mijinta, kuma duk wanda ya ci wannan suna ya zama "mai sunan Malam" a bakinta har abada. Shekara sittin da ɗoriya tsohuwar nan tana faɗin wanda ya yi akushin a gaban 'ya'yanta, su kuwa suna jin wani abu dabam. Alkunya ta ɓoye sunan a baki, gindin akushi ya ajiye shi. Da masassaƙin bai yi rubutun ba, da ko ita da ta san shi ba ta iya miƙa sunansa ga kowa ba.

Maganar mutum ɗaya, ko da dattijuwa ce, tana son abin da zai dafa mata, kuma akushin kansa ya dafa. Ta ce an yi aurenta shekara biyu bayan zuwan Sarauniyar Ingila Kano, watau bayan 1956, kuma masassaƙin yana sassaƙa alluna ga almajirai, shi ma ya yi karatun allo. Rubutun bai saɓa wa wannan ba. Da da boko aka yi shi, da shi kansa ya ba da iyaka, domin makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa sai a 1909 aka buɗe ta, haruffa masu lanƙwasa irin ɓ da ɗ da ƙ sai a shekarun 1930 suka zauna, boko kuma bai shiga ƙauyuka sosai ba sai da Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950. Ajami ba ya faɗin shekara haka, amma yana faɗin makarantar mai rubutu. Harafin da ya tsaya a madadin ƙ a cikin "masassaƙi" ɗigo ɗaya gare shi a sama, yadda ake rubuta shi a tsangaya da hannun Magaribi. Wanda ya tashi a Islamiyyar zamani, in ya zo ƙirƙira, ɗigo biyu hannunsa zai sa masa tun bai yi tunani ba. Bugu da ƙari, ƙunar ta tsufa tare da akushin. Mai da hayaƙi sun cika raminta da baƙi iri ɗaya da na sauran jiki, kuma inda gindin ke gogar ƙasa baƙaƙen sun suɗe daidai da yadda iccen ya suɗe. Sabuwar ƙuna takan keta tsohon baƙi ta bar baki mai kaifi. Iccen ma ya yi daidai da ɗanya, wadda masassaƙa suka daɗe suna so don akushi saboda ba ta da nauyi kuma tana bin gizago, kamar yadda suke son aduwa don allo, ƙirya don turmi da taɓarya.

Nan gardamar gado ta mutu. Abin da mace ta zo da shi daga gidansu nata ne, ko da mijin ya ci abinci a ciki har ya tsufa. Malamai suka cire akushin daga cikin kayan rabo.

Amma dillali bai tafi ba, kuma a bakinsa aka ji abin da ya fi kome ban mamaki. Da aka yi masa albishir cewa an gano mai aikin, ana zaton zai ƙara kuɗi, sai ya yamutsa fuska ya ce shi ba rubutun yake saye ba, in ma ya kai shago kankare shi zai sa a yi.

Ba wauta ya yi ba, kasuwarsa ya sani. Kasuwar sassaƙa iri biyu ce a duniya, kuma suna yana aiki a cikinsu ta hanyoyi biyu masu karo da juna. A ta farko, suna shi ne kuɗin. Ben Enwonwu, wanda ya rasu a 1994, ya sassaƙa siffofi bakwai na icce ga jaridar Daily Mirror ta Landan a farkon shekarun 1960. Suka ɓace shekaru masu yawa, sai a 2012 aka tsince su a garejin wata makaranta a gabashin Landan, aka yi gwanjonsu a 2013 a kan fam 361,250. Haka kuma Lamidi Fakeye, Bayaraben masassaƙin da ya rasu a 2009, yana sa sunansa a jikin aikinsa, masu saye kuma suna neman sunan. A kasuwa ta biyu kuwa, ta abin da Turawa ke kira kayan gargajiya, mai saye tsufa yake nema da rashin sanin mai yi. So yake a ce masa abin ya fito daga wata fada, tun kafin zuwan Turawa, aikin wata ƙabila ne baki ɗaya. Sunan wani mutum ɗan wane, mai gari, wanda tsohuwa ta gani da idonta bayan 1956, ɓata masa labari yake yi. Wani masani, Christopher Steiner, ya zauna da 'yan kasuwar irin waɗannan kaya a Abijan a ƙarshen shekarun 1980, da yawansu Hausawa ne, ya fitar da littafi a kansu a 1994. A ciki ya bayyana yadda ake tsufar da sabon icce da hayaƙi da ƙasa da tauna goro, domin a ba mai saye abin da ya zo nema.

Wannan ɗabi'a ta taɓa manyan da suka fi mai akushi. Olowe na garin Ise, a ƙasar Ekiti, wanda ya rasu wajen 1938, ya sassaƙa ƙofar fadar Ikere da aka kai baje kolin Wembley a 1924, ta zauna a gidan tarihin Birtaniya. An daɗe ana kallonta ana yabo ba tare da sunansa ba, sai daga baya masu bincike suka koma ƙasarsu suka samo shi a bakin mutane da cikin kirarinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi dai Olowe ya yi sa'a an koma tun da sauran masu tunawa.

To, nawa ne kuɗin akushin? Malaman rabo sun yi masa kuɗin abin cin tuwo, kuma a matsayin abin cin tuwo ba su yi kuskure ba. Dillali ya yi masa kuɗin ƙaryar da za a ɗora masa bayan an kankare gaskiyar. Ƙima ta uku ita ce wadda babu mai tayawa a kasuwa: ga aiki, ga sunan mai yi da na ubansa da garinsa, ga irin iccen da gonar da ya tsaya, ga wadda aka yi dominta tana da rai tana magana. Gidajen tarihi cike suke da akussa da suka fi wannan kyau, amma kaɗan ne za a iya faɗin ko rabin wannan a kansu. Mai nazarin sana'o'in Hausawa, in ya sami guda ɗaya tabbatacce irin wannan, ya sami ma'aunin da zai gwada wasu da shi: yadda mai aikin ke fitar da baki, yadda yake zaunar da murfi, irin zanen da hannunsa ya saba. Da haka ake gane sauran aikinsa a gidajen maƙwabta, waɗanda bai sa wa suna ba.

Kada kuma a raina buƙatar magada. Taki ba wasa ba ne ga wanda shukarsa ke jira, kuma mai cewa a riƙe kayan tarihi galibi ba shi ne zai kwana da tunanin bashin mai shago ba. 'Ya'yan sun roƙi tsohuwa ta sayar ta taimaka musu. Ta saurare su har suka gama, ta ce, "Ku bari in mutu tukuna, sa'an nan ku raba." Babu wanda ya sake ta da maganar, amma kowa ya ji abin da ke cikinta. Akushin zai sake dawowa tsakar gida a yi masa kuɗi, kuma a ranar babu wadda za a tambaya daga ƙofar ɗaki.

Doka ba za ta tsaya masa sosai ba. Dokar 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana sayar da kayan tarihi ga wanda ba wakilin hukuma ba, ta kuma hana fita da su waje sai da izini. Amma abin da ta kira kayan tarihi a cikin aikin hannu shi ne wanda aka yi kafin 1918, ko kuwa mai muhimmanci wanda aka yi amfani da shi a wata hidimar gargajiya. Akushin da aka yi wajen shekara arba'in bayan 1918, aka yi ta cin tuwo a ciki, da wuya ya shiga wannan layi. Abin dariyar shi ne, in dillali ya kankare sunan ya ce na ƙarni na 19 ne, da bakinsa ya shigar da shi cikin abin da doka ta hana shi saye. Duk da haka babu abin da ya hana mai irin wannan abu ya kai shi Gidan Makama a Kano, wanda ke ƙarƙashin wannan hukuma, ma'aikata su duba su ba da shawara.

Abin da malamin firamaren ya yi ya fi sauƙi. Ya zaunar da mahaifiyarsa ya rubuta duk abin da ta tuna, da boko da ajami, alaramma ya kwafe rubutun gindin akushin baƙi bayan baƙi, aka auna faɗi da zurfi, aka wanke hotuna, shaidu biyu suka sa hannu. Aka ajiye takardar tare da takardun gona, inda aka san babu mai wasa da su. Wanda ya kankare icce yanzu bai kankare sunan ba.

Sauran maganar ta jikin iccen ce, kuma a wannan yanki abokan gabarsa biyu ne. Ƙasar da ke shan ruwa rani da damina ba ta bushewa kamar da, danshi yana hawa bangon ɗaki, gara kuma tana bin danshi. Akushin da aka ajiye a ƙasa a ƙarƙashin gado ta gindi za a fara cin sa, inda rubutun yake. Sa'an nan hunturu ya zo ya tsotse shi farat ɗaya ya tsage. Don haka wurinsa sama ne, nesa da bango, nesa da rana da murhu, ba kuma cikin leda ba, domin leda tana tara gumi. In aka ga gari mai laushi yana zubowa daga ƙananan huda, ƙwaro ya shiga, sai a ware shi daga sauran kayan icce a nemi wanda ya san magani. Wani daga cikin samarin gidan ya kawo shawarar a kai wa kafinta ya goge shi ya shafa masa man ƙyalli ya fito fes. Da an yi haka da an gama wa dillali aikinsa kyauta, domin baƙin da ya cika ramin baƙaƙen shi ne shaidar shekarunsu.

Malamin firamaren ya so a naɗe shi a zane a sa a akwati. Tsohuwar ta ƙi, kuma a nan ita ta fi shi sanin icce. Akushin da ya saba da maiƙon miya da hannu, in aka rufe shi aka manta, bushewa yake yi. Ta dai yarda da abu biyu: ba a jiƙa shi a ruwa, ba a kuma dire shi a ƙasa sai a kan faifai. Da hunturu takan ɗiba man kaɗanya kaɗan ta murza masa ciki da baya, ta kewaye layin rubutun ba ta taɓa ba.